Kwana Ashirin da Ɗaya a Ajinmu

Ƙwai goma sha huɗu na sayo
ranar Lahadi a kasuwar Tawa,
hannun wata tsohuwa 'yar Kalfu.
Ta rantse mini akwai zakara a gidanta,
jajaye har biyu.
Na ce to, na yarda.

Kwalin sabulu muka yi wa ƙofa,
muka sa tasar ruwa da ma'aunin zafi,
muka rataya ƙwan lantarki a tsakiya.
Asumana ya ƙirga ya ce, "Madam, sha biyar ne,
amma guda ɗaya kaɗai ke da haske."

Yara sittin da uku gare ni.
Kowane teburi da ƙwansa,
kowane ƙwai da suna a jikinsa da fensir:
Janar, Ɗan Bilbis, Mai Tsada, Amarya.
Teburin Tsahara suka sa wa nasu Haƙuri.

Sau uku a yini muke juya su.
Hannun da ke fasa alli, ke yaga littafi,
ke ƙulla dambe a bakin famfo,
sai ga shi ya koyi tafiya sannu
kamar mai ɗauke da nono cike da ƙwarya.

Rana ta takwas muka toshe tagogi da zannuwa,
na haska tocila a gindin ƙwai.
Jijiyoyi ja, sirara,
irin saiwar gero ɗan kwana uku,
da wani ɗigo baƙi yana motsi.
Ajin da ban taɓa samun shirunsa ba
ya yi tsit har na ji kukan cikin wani.

Daren kwana na sha shida wuta ta tafi.
Ni ina gida, ban sani ba.
Baba Nomau mai gadi ya lulluɓe kwalin da bargonsa,
ya dafa ruwa a butar shayi,
ya ɗura a kwalabe, ya jera su kewaye.
In sun huce ya sake.
Da safe na tarar da shi ido jajir,
yana ta faɗa:
"Kazata ba ta taɓa roƙon kowa lantarki ba!"
Amma bai tafi gida ba sai da wutar ta dawo.

Muna cikin lissafi, bakwai a tara da biyar,
Gwamma ta ɗaga hannu:
"Madam, ƙwai yana magana."
Ƙwas. Shiru. Ƙwas.
Wani na ƙwanƙwasa ƙofa daga ciki.
Laminu ya kai yatsa zai taya shi ɓarewa,
na riƙe hannunsa.
Ya ce, "Ai yana shan wuya."
Na ce, "Na sani. Bar shi."

Janar ne ya fara fitowa,
jiƙe sharkaf, mummuna,
kamar audugar da ta faɗa miya.
Kafin azahar ya bushe, ya miƙe,
ya taka kan Mai Tsada ya wuce.

Sha ɗaya suka fito.
Muka ba sauran ukun kwana biyu.
Muka ƙara musu ɗaya.

A allo na zana da'ira tun farkon wata:
ƙwai, ɗan tsako, kaza, ƙwai,
kibiya na bin kibiya.
Tsahara ta zo ta tsaya gabanta,
Haƙuri a tafin hannunta, ya yi sanyi.
"Madam, shi kuma ina wurinsa a nan?"

Shekara tara ina koyarwa.
Na duba da'irar, babu ƙofa a jikinta.
Na miƙa mata allin.

Ta zana ƙwai ƙarami can ƙasa,
wajen da'ira, kusa da inda ake rubuta kwanan wata.
Ta sa masa suna, ta koma ta zauna.

Yau mako biyu ke nan.
'Yan tsaki na cin tsakin gero a bayan aji,
ba a jin karatu don kukansu.
Kullum da yamma mai goge allo
yakan goge lissafi, ya goge da'ira,
in ya zo nan sai ya kewaye.
Ban ce masa ya yi haka ba.